DARASIN WANNAN WATA: RIƘE GUDU A HANYAR GARGADA

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kazaure da safe zai ga keke mai ƙafa uku yana kaiwa yana komowa. Wasu suna kiransa Keke Napep, wasu kuma A Daidaita Sahu. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai ciki asibiti, shi ke ɗauko buhun gero ko kwandon tumatir daga ƙauye zuwa kasuwa. Matasa da magidanta da yawa a ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura da shi suke ciyar da iyalinsu.

Muddin keken yana kan kwalta, kamar babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta da Kazaure ya nufi Daura, tuƙinsa ba shi da wuya. Wahala tana farawa ne in an sauka daga kwalta an kama hanyar ƙauye. A wajejen Kazaure da Roni akwai duwatsu da tsakuwa da gangare. A wajejen Babura, kusa da iyakar Nijar, akwai rairayi. Da damina kuma sai taɓo da zaizayar ruwa. A irin waɗannan hanyoyi ne keke ke kifewa, kaya su zube, mutane su karye, wani lokaci har a rasa rai.

Wannan darasi zai yi bayani a kan wata na'ura da ake sa wa manyan babura masu ƙafa uku a ƙasashen waje, mai suna na'urar riƙe gudu, da dalilin da ya sa take sakin aiki da kanta a hanyar gargada. Keken da ake haya da shi a ƙasar Kazaure ba shi da wannan na'ura. Duk da haka akwai babban darasi a cikin halinta ga kowane matuƙi da kowane fasinja.

Yadda Keken Ya Iso

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera irin wannan keke a shekarar 1948. Daga baya sana'ar ƙera shi ta bunƙasa a Indiya, kuma yawancin waɗanda ake gani a titunan arewa ƙirar kamfanonin Bajaj da TVS ne na can. A Nijeriya an fara saninsa a Legas zamanin Buba Marwa, wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. A shekarar 2001 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci mai suna NAPEP, wanda ya rarraba kekunan, har sunan ya bi su. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da su a shekarar 2005 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, domin ɗaukar mata. Da aka hana acaɓa a birnin Kano a shekarar 2013, sai keken ya ƙara yawa, ya kuma ci gaba da bazuwa a garuruwan da ke maƙwabtaka.

Abin lura a nan shi ne, an ƙera keken ne don gajeriyar tafiya a cikin gari, da matuƙi ɗaya da fasinja uku. Tayoyinsa ƙanana ne, injinsa ma ƙarami ne. Buƙata ce ta sa ake shiga da shi hanyar ƙauye.

Mece Ce Na'urar Riƙe Gudu?

Na'urar riƙe gudu wata dabara ce da ke hutar da matuƙi a doguwar tafiya. In abin hawa ya kai gudun da matuƙi yake so, misali kilomita 80 a awa, sai ya danna maɓalli. Daga nan na'urar ce za ta riƙa ba inji mai. In an zo hawa ta ƙara, in an zo gangare ta rage, gudun ya tsaya a 80 ɗin. Matuƙi na iya sakin totur ya huta.

Wani injiniya ɗan ƙasar Amurka mai suna Ralph Teetor ne ya ƙirƙiro irin wadda aka fara sa wa motoci. Abin mamaki, makaho ne tun yana ɗan shekara biyar. Ya sami takardar mallakar fasahar a shekarar 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fara sa ta a motocinsa a shekarar 1958. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa naƙasa ba kasawa ba ce.

Daga mota aka kai na'urar ga manyan babura, har da masu ƙafa uku. Akwai Can-Am Spyder na ƙasar Kanada, wanda ya fito a shekarar 2007, mai ƙafa biyu a gaba ɗaya a baya. Akwai kuma Tri Glide na kamfanin Harley-Davidson na Amurka, mai ƙafa ɗaya a gaba biyu a baya kamar Keke Napep. Injin waɗannan babura ya ninka na Keke Napep sau biyar ko fiye. Masu kuɗi ne ke sayensu don yawon shaƙatawa a dogayen tituna.

Dalilin da Ya Sa Take Saki

Masu irin waɗannan babura sukan yi kukan cewa da zarar sun shiga wuri mai ramuka ko gargada, sai na'urar ta saki da kanta, gudun ya fara raguwa. Wasu suna ɗauka lalacewa ce. Sau da yawa ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta. Ga dalilai guda huɗu:

Na ɗaya, tashin ƙafa ko sulɓewarta. A babura na zamani, kowace ƙafa tana da zobe mai haƙora, da wata 'yar na'ura a gefensa mai ƙirga haƙoran yayin da ƙafar ke juyawa. Wannan ƙirga tana zuwa ga ƙaramar kwamfutar babur ɗin. In duk ƙafafun suna juyawa daidai da juna, kwamfutar ta san lafiya lau. To amma in ƙafar da inji ke turawa ta yi tsalle ta bar ƙasa, ko ta hau yashi ta sulɓe, sai ta yi juyi da sauri fiye da 'yan'uwanta. Nan take kwamfutar ta gane tayar ba ta kama ƙasa ba. Sai ta rage wa inji ƙarfi, ta kuma kashe na'urar riƙe gudu.

Na biyu, birki. An tsara na'urar ta saki da zarar an taɓa birki, ko kuloci a babur mai kuloci. Akwai ɗan makunni a jikin birki, wanda ke kunna jar fitilar baya. Shi ne ke sanar da na'urar cewa an taka birki. A gargada, ƙafar matuƙi na iya taɓa birkin ba da saninsa ba. In kuma sifirin ɗin birkin ya yi laushi, ko makunnin bai zauna daidai ba, jijjiga kaɗai ta isa ta sa na'urar ta ɗauka an taka.

Na uku, faɗuwar gudu. Yawancin irin wannan na'ura ba ta kamawa sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa. In rairayi ko hawa ya ja abin hawa baya har gudun ya faɗi sosai, sai ta saki.

Na huɗu, waya ko datti. In wata waya ta kwance, ko laka ta rufe 'yar na'urar da ke ƙirga juyin ƙafa, saƙo zai riƙa yankewa. Kwamfutar kuwa in ba ta tabbatar da abin da ke faruwa ba, ba ta ci gaba da riƙe gudu. Wannan da laushin sifirin su ne ke buƙatar bakanike.

A duk dalilan nan huɗu ƙa'ida ɗaya ce: in hanya ta ɓaci, na'ura tana mayar da gudu hannun mutum. Ko littattafan da kamfanoni ke bayarwa tare da abin hawa suna gargaɗin kada a kunna ta a hanya mai santsi, ko mai kwana-kwana, ko mai cunkoso. Masu ilimin da suka ƙera ta sun san cewa gudu ɗaya ba ya dacewa da hanyar da ke canzawa kowane taku.

Hannun Matuƙi Shi Ne Na'urarsa

Keke Napep ba shi da kwamfutar da za ta rage masa gudu. Totur yana hannun dama, kuloci da giya suna hannun hagu, birki yana ƙarƙashin ƙafa. Aikin da na'ura ke yi wa mai tsadadden babur, ido da hannun matuƙin keke ne za su yi shi. Saboda haka ya kamata ya san abubuwa huɗu game da kekensa.

Na farko, keke sawu uku gare shi. Babur mai ƙafa biyu sawu ɗaya yake bi, yana iya ratsawa tsakanin ramuka. Mota sawu biyu take bi, tana iya sa rami a tsakiya ta wuce. Keke kuwa in ƙafar gaba ta kauce wa rami, sau da yawa ta baya ce za ta faɗa.

Na biyu, ƙaramar taya ta fi babba nutsewa a rami. Ramin da babbar mota za ta taka ta wuce, yana iya tsayar da ƙafar gaban keke cak, ya wurgo matuƙi kan gilashi.

Na uku, inji yana tura ƙafafun baya biyu ta wani akwatin haƙora da ke ba su damar yin juyi daban-daban a kwana. In ƙafa ɗaya ta tashi sama ko ta hau yashi, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma ta rasa ƙarfi. In wadda ta tashi ta dawo ƙasa alhali totur yana murɗe, sai keken ya fizga gefe guda.

Na huɗu, keke ba ya kwantawa a kwana kamar babur. In aka shiga kwana da gudu, nauyi yana komawa gefen waje, ƙafar ciki ta ɗaga. In ga lodi a saman rufi, ko fasinja biyu a gefen matuƙi, kifewa ta zo kusa.

Ɗan Lissafi

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa. Keken da ke gudun kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 40 yana cin mita 11, wato wajen taku 14 na babban mutum. Tsakanin lokacin da ido ya ga rami da lokacin da ƙafa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye takan wuce. Ke nan mai gudun 40 ya riga ya ci taku 14 kafin birkinsa ya fara aiki.

Bayan haka, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da keke yana ninkawa sau huɗu ne. A kan tsakuwa ko taɓo kuma nisan ya fi haka.

A ɗauka ƙauye yana da nisan kilomita 10 daga bakin kwalta. Mai gudun 40 zai isa cikin minti 15. Mai gudun 20 zai isa cikin minti 30. Bambancin minti 15 ne kacal. Karaya ɗaya kuwa tana kwantar da magidanci wata biyu ko uku, ga kuɗin magani, ga gyaran keke, ga balas ɗin mai keke yana taruwa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ƙa'idojin Tuƙi a Gargada

1. A rage gudu tun kafin a sauka daga kwalta, a koma giya ta biyu. Ƙaramar giya tana ba keke ƙarfi ba tare da gudu ba.

2. A riƙe kan keke da ƙarfi daidai, amma a saki gwiwar hannu. In hannu ya sandare, duk tsallen da keke ya yi zai sa a murɗa totur ba da niyya ba.

3. Kada a ɗaure totur da roba ko igiya don hutar da hannu. Na'urar Turawa tana saki da kanta in an taka birki. Roba ba ta saki. Wanda hannunsa ya gaji ya tsaya a inuwa ya huta.

4. A taka birki kafin rami, a sake shi daf da shiga. Taka birki a cikin rami yana danne ƙafar gaba, bugun ya ƙara tsanani.

5. A rairayi, a riƙe totur daidai a ƙaramar giya, kada a karya kan keke da sauri. In rairayin ya yi zurfi, a roƙi fasinja su sauka a tura.

6. A gangare, kamar na wajejen duwatsu, a bar keke a cikin giya. Kada a sa shi a firi ko a kashe inji don tattalin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar 2023 kowa yana tattali, amma ɗan man da za a rage a gangare bai kai darajar rai ba. Riƙe totur daidai, ba tare da fizga da taka birki barkatai ba, shi ne tattalin mai na gaskiya.

7. In ruwa ya rufe hanya, a sauka a auna zurfinsa da sanda. Ruwa mai gudu kuwa a jira shi ya janye. Bayan an haye, a riƙa taka birki a hankali har ya bushe.

8. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure su. Kada a ɗora buhu a saman rufi.

In Inji Yana Yankewa a Gargada

Wani lokaci keke yana tafiya lafiya a kwalta, amma da an shiga gargada sai inji ya riƙa shaƙewa ko ya mutu. Wannan ba hikimar na'ura ba ce, ciwo ne, kuma yana da haɗari musamman a hawa ko a tsakiyar ruwa. Yawanci wani abu ne ya kwance, jijjiga ke motsa shi. Ga wuraren da za a duba:

Kan batir. In notin ya kwance ko ya yi farin gari, a wanke a ɗaure.

Hular fulogi da wayarta. In ta yi sako-sako, wuta za ta riƙa yankewa.

Makunni. Tarin makullai masu nauyi a jikin makullin keke suna lilo, suna cinye makunnin. A bar makulli ɗaya.

Fiyus da mahaɗar wayoyi. Kada a maye gurbin fiyus da guntun waya, domin hakan yana jawo gobara.

Tanki. Datti da ruwa suna kwanciya a ƙasan tanki. Gargada tana tayar da su, su toshe hanyar mai. Wanda ke sayen mai a galan ya tace shi da kyalle mai tsabta. Tafiya da ɗan mai kaɗan ma tana sa inji ya shaƙi iska in man yana tangaɗi.

Matatar iska. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji tana cika ta da wuri. A riƙa dubawa a kai a kai.

Gwanin bakanike yakan tayar da inji ya bar shi yana aiki a tsaye, sa'an nan ya riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka taɓa inji ya shaƙe, a nan ciwon yake. Wannan ya fi a yi ta sayen kayan gyara da ka.

Kowace safiya kafin a fita, matuƙi ya murɗa totur ya saki, ya ga ko ya koma da kansa. Ya gwada hakan kan keke yana karye dama, ya sake gwadawa yana karye hagu. In bai koma ba, wayar totur tana buƙatar mai ko canji, kuma kada a fita sai an gyara. Ya taka birki ya sa wani ya duba masa jar fitilar baya. Ya tabbatar iskar tayoyin baya biyu daidai take. Rigakafi ya fi magani.

Haƙƙin Fasinja

Fasinja ma yana da nasa aikin. Kada ya matsa wa matuƙi da cewa kasuwa za ta watse. In ya ga gudu ya yi yawa, ya yi magana cikin ladabi. Dattijuwa tana iya cewa, "Ɗan nan, bi da mu a hankali, akwai goyo." Matuƙi mai tarbiyya zai amsa da, "To, Baba," ya rage. Mata su tattara hijabi da zane kada su sauka kusa da taya. A riƙe yara a tsakiya, ba a bakin ƙofa ba. In keke ya cika, a jira na baya.

Masu ba da keke haya su ma su ji tsoron Allah wajen yanka balas. Balas mai nauyi shi ke sa yaro gudu da lodin da ya wuce kima. Shugabannin ƙungiyoyin matuƙa kuma suna iya gayyatar jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, su zo tasha su yi wa 'ya'yan ƙungiya bita.

Kammalawa

Babur mai tsada, mai kwamfuta, in ya ji ƙafarsa ta bar ƙasa sai ya saki gudu ya miƙa wa mai shi. Matuƙin keke a hanyar Amaryawa, ko Korayel, ko Kanya, ba shi da kwamfuta, amma Allah ya ba shi ido da hankali. In hanya ta ɓaci, ya sassauta totur tun kafin rami ya tilasta masa. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.

Tambayoyi Don Ɗalibai

1. Mene ne aikin na'urar riƙe gudu, kuma wa ya ƙirƙiro irin wadda aka fara sa wa motoci?

2. Kawo dalilai uku da ke sa na'urar ta saki a hanyar gargada.

3. Sawu nawa keke mai ƙafa uku yake bi? Me ya sa hakan ke wahalar da kauce wa rami?

4. Keke yana gudun kilomita 40 a awa. Mita nawa zai ci a daƙiƙa uku?

5. Me ya sa ɗaure totur da roba yake da haɗari?

6. Rubuta wurare huɗu da za a duba in inji yana yankewa a gargada.

Aikin Aji: Malamin aji ya raba ɗalibai gida biyu. Kowane gida ya zana hanyar da ta tashi daga ƙauyensu zuwa kasuwa mafi kusa, ya sa alama a wuraren rami, rairayi, gangare da mashigar ruwa. Sa'an nan a karanta wa matuƙan keken garin wannan darasi a tasharsu.